Sa'a Guda Daga Ambursa

Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan sitiyari,
Birnin Kebbi zuwa Abuja, Abuja zuwa Birnin Kebbi.
Na san hanyar nan kamar yunwar cikina.
In na tashi bayan asuba, in an yi dace,
ina kashe mota a Zuba ladan na kiran magariba.

Yau Kuluwa ta cusa mini takarda a aljihu,
ta ce, Baba, likitan ido ba ya jiran kowa,
sa'a guda ce da 'yan mintoci.
Na ce, sa'a guda? Ai ko Koko ba mu kai ba.
Ta yi dariya irin ta uwarta.

A Ambursa suka auna jakata, suka ce in cire hula.
Ba ɗan kamasho, ba cinikin kuɗin kaya,
ba mai ihun saura mutum ɗaya.
Aka ɗaure ni a kujera da ɗamara,
ni da nake ce wa fasinja ya gyara zama.

Da ya ɗaga, cikina ya tsaya a ƙasa.
Na manna idon da ya rage mini a taga:
fadamar shinkafa ta koma tabarma,
gulbi ya koma zaren da ya faɗo wa tela.
Sai na fara lissafi irin nawa.
Yanzu Jega, inda kasuwa ke cinye rabin titi.
Yanzu Koko, Shekarau na ɗaga shayi sama yana zubawa.
Yanzu Yawuri, Ige mai kifi tana bina ɗari biyar
tun kafin ido ya ajiye ni.
Ban kai gada ba, wata yarinya ta miƙo ruwa da biskit.

Na ce, 'yata, mun wuce Tegina?
Ta sunkuyo, ta ce, wace ce Tegina, Baba?
Na duba ƙasa, gajimare ne kawai,
fari fat, kamar an baje auduga ana jiran mai saye.

Shekara tara ke nan.
Hajaru na kwance a kujerar baya,
kanta a cinyar Kuluwa.
Na taka mota kamar ban san ramukan ba.
Taya ta fashe bayan Kontagora,
Nomau ya canja ta hannunsa na rawa.
Muna shiga Tegina Kuluwa ta ce, Baba, tsaya.
Na tsaya a gindin wani mangwaro,
inji bai daina ƙara ba, ni ne na kasa kashe shi.
Sa'a uku ta rage mana zuwa ƙofar asibiti.

Na san ajali ba ya duba agogo,
malamai sun faɗa, kuma na yarda.
Amma direba ba ya barin lissafi:
uku ta rage mana,
ga shi yau guda ta ishe ni tun daga gida.

Duk ranar da na bi ta wurin
nakan rage gudu daidai mangwaron,
in karanta mata abin da ya samu,
fasinja su zaci rami nake kauce wa.
Yau na wuce ta sama, bakina cike da biskit,
ban san lokacin ba.

Murya ta ce a gyara kujera, za mu sauka.
Kunnena ya toshe, ƙafata ta nemi birki.
Agogo ya ce sa'a guda da minti biyar,
alwalar da na yi a gida ba ta karye ba.

Kuluwa ta kama hannuna a matakala,
ta ce, ka ga sauƙi, ko, Baba?
Na ce, na gani.
Amma in ido ya buɗe, mota za mu bi mu koma.
Ta ce, don me?
Na ce, ana bina bashi a Yawuri.